Cailleach, tsohuwar sanyin Keltawa: allahiya ce ko kuwa yunwa ce ta yafa mayafi?

Duk shekara da Oktoba ta zo ƙarshe, lokacin da Turawa ke ta hidimar Halloween ɗinsu, sai ka ga hoton wata tsohuwa yana yawo a intanet. Fuska shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, ido ɗaya a tsakiyar goshi, farin gashi buzu-buzu, ga wata ƙatuwar sanda a hannu, a ƙasan hoton kuma an rubuta wai ita ce allahiyar sanyi ta Keltawa, tsofaffin kakannin mutanen Ayalan da Sikotlan, tun shekaru dubbai kafin zuwan Kiristanci. Sunanta Cailleach, ana furta shi kusan kamar Kalyak, sai dai ƙarshen a maƙogwaro yake fita irin na Larabawa. Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da maguzancin Turai, ni ba bauta na zo koya wa kowa ba, labarin ne ya ba ni sha'awa, don da na bi diddiginsa sai na tarar wannan tsohuwar ba mutum ɗaya ba ce, tsofaffi ne wajen huɗu ko biyar aka cusa cikin zani ɗaya, kuma wadda ke cikin hoton nan ita ce ma ƙaramarsu a shekaru.

Sai an fara gane irin sanyin da ake magana tukuna. In Bahaushe ya ji an ce hunturu abin da zai zo masa a rai shi ne hazo da kaushi da jin ɗumi da sassafe, rana na ɗagowa an watse. Na mutanen Ayalan da tsaunukan Sikotlan wani abu ne daban. A ƙarshen Disamba hasken rana a Edinbara bai fi awa 7 ba, sauran duk duhu, ciyawa ta daina tsiro tsawon watanni, teku ya haukace ba mai shiga kamun kifi, a kan tsaunuka ƙasa ta daskare. A zamanin da, in Nuwamba ta kama manomi sai ya zauna ya yi lissafi, dabba nawa harawarsa za ta iya riƙewa, sauran a yanka a zuba gishiri. Shi ya sa shekararsu gida biyu suka raba ta, rabin haske da ke farawa da bikin Beltane ran 1 ga Mayu, da rabin duhu da ke farawa da Samhain, wanda ake furtawa Sawin, daren 31 ga Oktoba wayewar 1 ga Nuwamba. Shi wannan Samhain ɗin yana cikin tushen Halloween na yau. Rabin duhun nan shi ake cewa mulkin Cailleach.

To sunan kansa shi ne abin mamaki na farko. A harshen Gelik, wanda ake yi a Ayalan da Sikotlan da tsibirin Man, cailleach kawai tana nufin tsohuwa, ko a ce tsohuwar banza in ana son zagi, kuma har yau haka kalmar take. A Gelik ɗin Sikotlan mujiya ma sunanta cailleach-oidhche, wato tsohuwar dare. Asalin kalmar kuwa "mai lulluɓi", daga caille, mayafi, shi kuma caille an aro shi ne daga Latin, pallium. Ka ga ke nan, Latin ai da coci ya shiga Ayalan sosai, wajen ƙarni na 5 zamanin Patrick, waliyyin da ya yaɗa Kiristanci a can, kuma a tsofaffin rubuce-rubucensu da wannan kalmar ake kiran matan da suka yafa mayafi suka keɓe kansu don ibada, irin waɗanda yanzu ake cewa sista. Yau ga allahiyar maguzawa da sunan da aka samo daga harshen coci. Wannan bai nuna cewa babu wani abu tsoho a ƙarƙashi ba, yana yiwuwa suna ne sabo aka liƙa wa tsohon abu, amma dai duk wanda ya ce maka da wannan sunan Keltawa ke kiranta shekara dubu uku da suka wuce, to ya ƙara gishiri.

Tsohuwa ta farko a rubuce tana cikin wata waƙa ta tsohon harshen Ayalan, wadda masana ke ajiyewa wajen ƙarni na 9, kukan tsohuwar Beara. Beara wani zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku a kudu maso yammacin Ayalan, tsakanin Cork da Kerry. Gabatarwar da aka haɗa wa waƙar ta ce matar nan sau bakwai tana komawa budurwa, duk mijin da ta aura sai ya tsufa ya mutu ya bar ta, ta yi riƙon 'ya'ya 50, jikokinta da tattaɓa-kunnenta suka zama ƙabilu, daga baya wani waliyyinsu ya sa wa mayafinta albarka ta yafa shekara 100, sannan tsufa ya cim mata. Cikin waƙar kuwa ba tsoro take ba mutum ba, tausayi take ba shi. Tana kwatanta kanta da ruwan teku da ya janye, sai dai shi teku yana dawowa ita nata ba zai dawo ba, tana kallon hannayenta da suka rame tana tuna sarakunan da suka runguma, jiya tana shan giyar zuma a fada yau ruwan tsala take kurɓa cikin tsofaffi 'yan uwanta. Gaskiya waƙa ce mai taɓa zuciya, duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa yana jin tana lissafa ƙawayenta da suka rigu zai gane muryar. Amma ka lura, ba ta saukar da ƙanƙara ba ta tayar da iska. Sanyin da ke cikin waƙar misali ne na tsufa kawai, kamar yadda ta kira ƙuruciya lokacin zafi. Masu cewa akwai allahiya a bayanta suna kafa hujja da auren sarakuna da sabunta ƙuruciya, don a tsofaffin labaran Ayalan ƙasa kanta mace ce da sarki ke aura, da kuma sunan Buí da aka kira ta da shi, wanda shi ne sunan matar Lugh, ɗaya daga manyan abin bautarsu na da. Hujja ce mai ɗan nauyi, ban raina ta ba.

Ta biyu ita ce mai gina ƙasa, ƙatuwa, wadda ke tafiya da duwatsu a haɓar zaninta suna zubowa. A Loughcrew cikin yankin Meath na Ayalan akwai tuddai da ake kira Sliabh na Caillí, tsaunin tsohuwa, bisansu tarin duwatsu jibga-jibga. Labarin mutanen wurin wai tana tsalle ne daga tudu zuwa tudu tana zubar da duwatsun, a tsallen ƙarshe ta faɗi ta karya wuya. Masu haƙar tarihi kuwa sun nuna kaburbura ne masu lungu a ciki da aka gina kimanin shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin a san wani abu wai shi harshen Gelik, kuma ɗaya daga ciki an saita bakinsa yadda a ranakun da dare da rana ke daidaita, a Maris da Satumba, hasken fitowar rana ke shiga har ya haska zanen da ke kan dutsen ƙuryar. Wato mutane sun tashi sun ga gini da ba su san mai shi ba, duwatsun da ƙato goma ba za su ɗaga ba, sai suka ce ai aikin tsohuwar nan ne. Haka a tsaunin Slieve Gullion na Armagh kabarin da ke ƙololuwa gidanta ake kiransa, a Labbacallee ta Cork gadonta, a bakin gaɓar Moher wani dutse kanta. A can Beara ma akwai wani dutse a bakin teku kusa da Kilcatherine da aka ce ita ce ta daskare tana jiran mijinta Manannán, mai teku, mutane har yau suna ajiye masa 'yan kwabbai da tarkace.

Wanda ya fi ba ni dariya cikin labaran Ayalan shi ne na wani fada, wato limamin coci, da ya je ya tambaye ta shekarunta. Ta ce ita dai ba ta lissafi, amma duk shekara tana yanka sa ɗaya ta jefa ƙashinsa ɗaya a saman ɗaki, in yana so ya ƙirga. Ya tura yaronsa sama yana wurgo ƙasusuwa shi yana ƙirgawa, aka cika tsakar ɗaki, fada ya gaji ya ce saura nawa, yaro ya leƙo ya ce ai ko lungu ɗaya ban gama ba.

Sai an tsallaka Sikotlan ne ake haɗuwa da ta uku, mai sanyin gaske. Tsakanin tsibiran Jura da Scarba akwai wani wuri da ruwan teku ke murɗawa yana juyi, Corryvreckan, yana cikin mafi girma irinsa a duniya, masu jiragen ruwa na shakkarsa. An ce da ƙarshen kaka nan tsohuwar ke zuwa wankin ƙaton bargonta, kwana uku ana jin rugugin daga nesa, in ya fita fari tas sai ta shanya shi kan tsaunuka, shi ne dusar ƙanƙarar farko. Tana da garken bareyi da take tatsa kamar shanu. Tana da sanda, duk inda ta doka ƙasa ta daskare, duk tsiron da ya leƙo da wuri ta buge shi, in bazararsu ta fi ƙarfinta sai ta yi fushi ta wurgar da sandar a gindin wani itace mai ƙaya, wai shi ya sa ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinsa. Akwai kuma na tsaunin Ben Cruachan, inda take da wani idon ruwa da take rufewa da faifan dutse duk faɗuwar rana, ran nan ta dawo kiwo a gajiye barci ya sace ta, ruwa ya ɓalle ya cika kwari, shi ne tafkin Loch Awe. Ka ga ko ita ma barci ɓarawo ne a wurinta.

Ran 1 ga Fabrairu, ranar Brigid, waliyyiyar Kiristocin Ayalan mai sunan wata tsohuwar allahiyarsu, ranar da ake kira Imbolc, nan ma tana da hannu. An ce ranar take fita neman itacen da zai kai ta ƙarshen sanyi. In tana nufin ta ja sanyin da tsawo sai ta sa gari ya yi garau da rana don ta tara da yawa, in kuwa aka tashi da hadari da iska to barci take, itacenta zai ƙare, sanyi ya kusa tafiya. Saboda haka su ranar mummunan yanayi shi ne albishir. A tsibirin Man cewa suke ana ganinta a siffar ƙaton tsuntsu da ƙirare a baki. Wanda ya san bikin nan na Amurka na ran 2 ga Fabrairu inda ake fito da wani ɗan dabba a duba ko ya ga inuwarsa zai ga lissafin iri ɗaya ne, ko da yake nasu daga Jamusawa ya zo.

To ina aka samo Sarauniyar Sanyi mai cikakken labari kamar fim? Yawancinsa daga wani ɗan jarida ne ɗan Sikotlan, Donald Alexander Mackenzie, wanda a 1917 ya fitar da littafin tatsuniyoyi ya kira ta Beira. Guntayen labarai ne daga ƙauyuka daban-daban ya tattara ya ɗinke, ya ba ta gadon sarauta, ya mai da ita uwar alloli, ya kawo labarin ta tsare kyakkyawar budurwa Bride, wato Brigid a bakin mutanen Sikotlan, tana bautar da ita har saurayi Angus ya zo ya cece ta, da na rijiyar ƙuruciya da take sha duk shekara ta koma yarinya ta sake tsufa. Shuɗiyar fuska da ido ɗaya suna da tushe a tatsuniyoyin baka, amma tsarin gaba ɗaya ɗinkinsa ne, kuma masana tatsuniya sun daɗe suna yi masa kallon mai ƙarin gishiri. Ban ga laifinsa sosai ba, littafin nishaɗi ya rubuta, laifin na masu kwafa ne suna cewa ga addinin Keltawa.

Daga nan sai sabon maguzanci ya karɓa. A 1948 mawaƙin Ingila Robert Graves ya yaɗa ra'ayin allahiya mai fuska uku, budurwa da uwa da tsohuwa, a shekarun 1950 kuma Gerald Gardner ya fito da addinin Wicca fili, aka tsara kalandar bukukuwa takwas a shekara da Samhain da Imbolc da Beltane a ciki. Gurbin tsohuwa na nan a buɗe, Cailleach ta shige daidai kamar an auna. Yau masu wannan aƙida a Birtaniya da Amurka suna kunna mata kyandir a Samhain, suna cewa ita da Brigid fuska biyu ne na abu ɗaya, rabin shekara wannan rabi waccan, mata masu shekaru kuma sun ɗauke ta tutar cewa tsufa ba abin kunya ba ne. Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol, wanda ya ƙware a tarihin maguzancin Birtaniya kuma ba maƙiyinsu ba ne, ya ware mata babi a littafinsa na 2022, inda ya nuna wannan ƙatuwar mai sanyi da duwatsu ba a ganinta a rubuce-rubucen zamanin da, a bakin talakawa Kiristoci ta girma a ƙarnonin da suka biyo baya. Shi kuwa Gearóid Ó Crualaoich na Cork, a nasa na 2003, yana ganin tsohuwar uwar ƙasa ce ta rayu cikin tatsuniya. Ni a nawa ganin Hutton ya fi riƙe shaida, amma duk gardamar allahiya ce ko ba allahiya ba ce tana sa a manta wurin da tsohuwar ta fi yin aiki a rayuwar mutane, wato gona.

Ga yadda abin yake. A tsibiran yammacin Sikotlan lokacin girbin sha'ir da wani hatsinsu mai suna ots, wanda ya riga gamawa sai ya ɗaure damin ƙarshe ɗan ƙarami, ya kira shi cailleach, ya sa yaro ya lallaɓa ya wurga shi gonar maƙwabcin da bai gama ba, yaron ya ranta a na kare don in aka kama shi zai ji a jikinsa. Shi ma maƙwabcin ya ƙara wuta ya gama ya wurga gaba. Haka za ta yi ta yawo gona zuwa gona har ta maƙale a hannun na ƙarshe, shi ne zai ciyar da tsohuwa har girbin baɗi. John Gregorson Campbell, limamin coci a tsibirin Tiree a ƙarni na 19 wanda ya tattara al'adun mutanensa, ya rubuta sunan da suke ba abin, gort a' bhaile, yunwar gari. Ka duba da kyau, a nan tsohuwa na nufin ƙarin baki a gida, bakin da ke ci ba ya noma, a lokacin da rumbu ke ƙasa-ƙasa. Abin kunya ne ƙwarai ta kwana a gidanka, tamkar an yi shela cewa kai ne ragon unguwa. A wasu yankunan in an gama girbi da wuri kafin Samhain damin ƙarshe sunansa budurwa, a yi masa ado da ƙyalle a rataye, in an makara har sanyi ya kama shi ne tsohuwa. Ina ganin nan ne ainihin inda budurwa da tsohuwa suke musayar wuri, tun kafin wani ya rubuta musu labarin soyayya. A arewacin Ayalan kitse zangarniyar ƙarshe suke yi a tsaye, masu girbi su ja baya su riƙa jifa da lauje har wani ya datse ta. A tsibirin Islay kuwa rataye ta ake yi a bango ta kwana sanyin duka, ranar da aka fara huɗar sabuwar shekara a sauke ta a ba dawakin garma su cinye.

Wuri ɗaya da har yau ake yi mata hidima da hannu yana can ƙuryar Glen Lyon a Perthshire ta Sikotlan, cikin wani kwari mai suna Gleann Cailliche, sai an yi tafiyar awoyi a ƙafa daga inda titi ya ƙare. Ɗan ɗaki ne na dutse, kamar akurki, ana kiransa Tigh nam Bodach ko Tigh na Cailliche. Mazaunansa duwatsu ne da ruwan rafi ya goge suka yi ɗan wuya da kai kamar mutane, babbar ita ce Cailleach, wajen tsawon gwiwa, sai tsohon mijinta Bodach, sai 'yarsu Nighean da ƙananan. Labarin wai a wata shekara mai mugun sanyi mutanen kwarin suka ba wasu baƙi masauki, tun daga nan dabbobinsu suka yi ta albarka, da baƙin za su tafi suka bar duwatsun suka ce muddin ana kula da su kwarin ba zai rasa ciyawa ba. A nan ba muguwa ba ce ko kaɗan, baƙuwa ce mai saka alheri. Ana yawan tallata wurin da cewa shi ne al'adar maguzanci mafi daɗewa ba yankewa a Birtaniya, alhali rubutattun shaidunsa na ƙarnonin baya-bayan nan ne. Abin da ke fili shi ne kwanakin sun yi daidai da kalandar makiyaya, don a da a Beltane ake kora shanu saman tsaunuka, mata da yara su tare a bukkoki suna tatsa suna kaɗa man shanu da cuku, a Samhain a sauko gida. Wannan kiwon ya mutu tun da aka kori mutane aka cika tsaunukan da tumaki, bukkokin sun zama kufai, amma makiyayan tumaki da masu gadin daji suka ci gaba da abin da suka tarar. A farkon Mayu wani zai taka har can ya fito da duwatsun ya jera su a ƙofa suna fuskantar kwari, a ƙarshen Oktoba ya koma ya mayar da su ciki ya toshe ƙofar da ƙananan duwatsu kada iska ta shiga.